Godiyar da Ba Mu Yi Ba Tukuna

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ma san inda za ta same ki: a ɗakin da ke kallon nawa, kina ninke kaya kina cusawa a akwati. Mutum ya zauna ya rubuta wasiƙa ga wanda yake jin tarinsa ta bango, na yarda abin dariya ne. Amma kin san ubanki. In aka ba ni alli da allo, sai in yi ta magana har a kaɗa ƙararrawa yara suna hamma. In kuwa aka zaunar da ni gaban 'yata, sai in ji kaina ina tambayarta ko ta sayi maganin sauro. Shi ya sa na koma wa biro.

Ranar Talata za ki hau mota zuwa Kudu, bautar ƙasa. Allah ya tsare hanya, ya ba direba natsuwa, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Gargaɗin ruwan sha da na samari da na ɓarayin tasha, mamanki ta yi shi ta maimaita, har ni da ba inda za ni na haddace. Ni maganata ɗaya ce, kuma tun kafin in faɗa kin san ta. Lahadi ɗaya ta rage miki a gidan nan, har yau kuwa ba mu fita godiya ba.

Kin tashi kin tarar da yadda ake yi a majami'armu. Wanda Allah ya tashe shi daga ciwo, ko ya ba shi haihuwa, ko ya fid da shi daga hatsari, sai a kira sunan gidansu ranar Lahadi bayan wa'azi. Matan zumunta su ɗauki waƙa, mai tulu ta fara bugu, iyalin su taso daga ƙofar baya da rawa, dangi da maƙwabta na biye da su, wannan da ƙwaryar gyaɗa, wancan da zakara yana ta fuffuka, har a isa gaban bagade a durƙusa. Kina ƙarama ke ce kan gaba a godiyar kowa, har ta mutanen da ba mu san su ba.

Bara da damina kuna dawowa daga jami'arku da ke Gubi, ke da ƙawarki Tabita, motar yashi ta kwashe keke napep ɗin da kuke ciki. Wani manomi Musulmi, wanda har yau ban san sunansa ba, ya sauke buhunan da ke bayan motarsa a bakin titi ya ɗauko ku. Ke kin isa asibiti a sume, da karyayyiyar ƙafa. Tabita ba ta isa da rai ba. Kin warke, kin koma kin gama karatu, ga shi har za ki tafi bautar ƙasa, amma duk sa'ad da mamanki ta ɗauko zancen godiya sai ki ce, "Mama, ba yanzu ba."

Abin da kike yi a madadinta kuwa muna gani, ko da kina tsammanin makafi ne a gidan nan. Ranakun azuminki sun fi na cin abincinki yawa. Ke ce ta farkon shiga majami'a, ke ce ta ƙarshen fita, amma kin bar cikin mawaƙa kin koma bencin baya, in ana waƙa bakinki ba ya motsi. Dattawan ikilisiya suna yaba ki. Ɗaya daga cikinsu har ya tare ni ya ce in gode wa Allah da ya ba ni 'ya mai ibada. Na ce masa amin. Ban gaya masa na san irin wannan ibada ba, don na taɓa yin ta, na kuma san ba ta da daɗi. To bari in ba ki labarin wautar ubanki, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Ina saurayi, na gama kwalejin horon malamai, ina jiran a ba ni aiki, ina kuma jiran iyayen mamanki su ba ni amsa. A watannin nan ba wanda ya kai ni zuwa addu'ar asuba. Har mai buɗe ƙofa nake riga isa. In ina addu'a muryata har rawa take yi, tsofaffin mata suna cewa yaron nan fasto zai zama. Aka ba ni aiki, aka ba ni mata, sai asuba ta koma lokacin barci kamar yadda na saba. Wata rana na gamu da tsohon mai bishararmu a kasuwar Wunti yana taya albasa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ashe buƙata ta biya. Sai wata ta taso kuma mu gan ka?" Na yi dariya, shi ma ya yi, amma na koma gida jikina a sanyaye. Bai yi ƙarya ba. Ciniki ne ya kai ni, ba sujada ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na girma shi ne, Allah ya san abin da ya kai ni, amma bai fasa ba ni ba. Bai karɓe aikin ba, bai karɓe mamanki ba, ko da yake ita takan ce akwai ranakun da ta so a karɓe ta. Nan na fara gane cewa alheri yana riga ibada zuwa, ba ibadarmu ce take jawo shi ba. Saboda haka in kin je can kika tarar da masu ce miki ki yi kaza don Allah ya yi miki kaza, ki gaishe su da ladabi ki wuce. Ubanki ya riga ya ci wannan kasuwa, ba abin da ya dawo da shi gida sai kunya.

Wautata ta biyu ta fi kama da abin da ke damunki. A haihuwar yayanki Yakubu mamanki ta sha wuya ƙwarai, har likita ya fito ya ce mu yi addu'a. Kin kuwa san in likita ya koma wa'azi, to abu ya ɓaci. Allah ya tashe ta, ya bar mana jaririn. Ni kuma sai bayan komai ya wuce tsoro ya kama ni. Na riƙa ji kamar bisa kuskure aka bar mini su, in ban yi wani babban abu ba za a farga a dawo a ɗauke. Sai na ɗora wa kaina azumi, ban yi shawara da kowa ba, har shi wanda nake yi dominsa. Na daina dariya, don a ganina mai godiyar gaske ba ya wasa. Yara a aji suka koyi gane ranar azumina tun daga takuna, kafin in shigo sun yi tsit. A gida kuwa komai laifi ne: an bar ƙofa a buɗe, jariri ya cika kuka, an motsa mini littafi daga inda na ajiye.

Mamanki ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Wata rana da rana tsaka ta dire kwanon tuwo a gabana ta ce, "Baban Yakubu, wannan azumin naka, kai kake yi amma mu yake ci. In Allah ne ya sa ka, koma ka tambaye shi ko da ni da yaron nan muna cikin umarnin." Na gyara zama zan kawo mata bayani mai tsawo, ta ce, "Miyar kuka ce, tana hucewa." Na ci. Ban taɓa cin tuwon da ya kai shi daɗi ba, kuma ba abin da ya sami kowa.

Ba azumi nake kushewa ba, Rahila. Abu ne mai kyau, har gobe ina yi in dalili ya taso. Amma ki duba abin da ke tura ki. Mai godiya da mai tsoro suna iya durƙusawa a benci ɗaya su faɗi kalmomi iri ɗaya, amma ɗaya ya tashi ƙirjinsa sakayau, ɗayan ya tashi yana fargabar ko abin da ya yi bai isa ba. Kuma ba zai taɓa isa ba, shi ne sharrin abin. Jinƙai ba kuskure ba ne da za a gano daga baya. Wanda ya bar ki da rai yana sane ya bar ki. Da rama masa ake yi, da ba a kai ga gicciye ba.

Ta ukun ita ce mai nauyi, don a gabanki na yi ta. Ranar da kika farfaɗo a asibiti, ɗakin cike yake da 'yan ikilisiya. Ina tsaye a bakin gado, murna ta ɗebe ni, na ɗaga murya na ce, "Allah ya ji addu'armu." Ina juyawa sai ga Maman Tabita a bakin ƙofa da kwano a hannu. Kwana kaɗan da binne 'yarta, ta dama kunun gyaɗa ta kawo miki. Ta ji. Ke ma kin ji, don na ga idonki ya tafi wurinta. Ita ma ai ta yi addu'a, in ma da mudu ake aunawa, tata ta fi tawa. Shekara da shekaru ina gyara wa yaran mutane jimla da jan biro, ga tawa ta fita ba damar gyara. Ina zaton tun ranar kika fara tambayar kanki don me aka bar ki aka ɗauke ta, kuma ni na sa miki tambayar a baki.

Ga gyaran, ko da ya makara. Ba don addu'armu ta fi ba aka bar ki, ba kuma don tasu ta gaza ba aka ɗauki Tabita. Ban san dalili ba. Na duba littattafan da ke kan kantar nan tawa, na malaman da suka mutu da na waɗanda ba su mutu ba tukuna. Masu gaskiya a cikinsu duk sun kai inda suka ce ba su sani ba, sauran kuwa shafuka kawai suka ƙara. Ki riƙa kula da bakinki a lokacin murna fiye da lokacin fushi. Mai fushi ya san yana riƙe da wuƙa, mai murna bai sani ba. In za ki ba da shaidar abin da Allah ya yi miki, ki fara duba wa ke tsaye a bakin ƙofa.

Na san abin da ya hana ki fita ke nan. Kina tunanin yadda za ki taso da rawa daga ƙofar baya alhali uwar Tabita tana wurin, ga shi kuma ita ce mai tulu. Wannan kunya taki ban raina ta ba, alama ce ta cewa kina da zuciya. Amma akwai abin da ba ki sani ba.

Kin san Maman Tabita tun kina goye, sai dai yara ba su cika kallon manya da kyau ba. Ni na daɗe ina kallonta. Tun kafin a haife ki take buga tulu a zumunta, wannan tulun ƙasa da take dukan bakinsa da ɗan matashin soso, sautinsa yana fitowa kamar daga cikin rijiya. Duk mako tana rumfarta ta kayan miya a Wunti, rana tana dukanta, masu saye suna yi mata tayin wulaƙanci, amma ranar Lahadi ita ce take riƙe da ƙafafun ikilisiya duka. Bayan rasuwar Tabita ta ajiye tulun. Wata baiwar Allah mai kyakkyawar niyya ta karɓi aikin, bugunta da waƙar suka yi ta neman juna ba su haɗu ba. Ba wanda ya matsa wa Maman Tabita ta dawo. Ana nan, wata Lahadi ana godiyar haihuwa ta wani gida, sai na ji bugu ya daidaita. Na ɗaga kai, ita ce. Hawaye yana zuba, hannu yana aiki, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Jaririn wasu ake yi wa murna, ita kuwa tana buga musu kamar jikanta ne. Ke kina bencin baya kanki a ƙasa, ban sani ba ko kin gani.

Shekaranjiya kin tafi wurin tela, sai ga ta ta yi sallama. Mamanki ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa. Ta ce ba za ta daɗe ba, maƙwabciya ta bar wa rumfa.

Ta ce, "Malam, na ji Rahila za ta tafi."

Na ce, "Ranar Talata, in Allah ya yarda."

"To godiyar fa? Ko kun yi a wata majami'a ne ban ji ba?"

Na fara kame-kame. Na ce yarinyar ba ta shirya ba, na ce hidima ta yi yawa, na ce har yanzu ƙafar takan dame ta. Ta bar ni na gama, yadda nakan bar yaron da bai yi aikin gida ba ya gama nasa bayanin.

Ta ce, "Saboda ni ne."

Mamanki ta sunkuyar da kai. Na ce, "Maman Tabita, ai da kunya."

"Kunyar wa? Yarinyar nan in ta shigo Wunti ta hango rumfata, sai ta karkata ta bi layin masu kifi, kamar ta sace mini kaza. Ta gwammace warin kifi da gaisuwata. Ita da Tabita a kwano ɗaya na ciyar da su. Na rasa ɗaya, sai kuma a hana ni ɗayar?"

Na ga dama ta samu, na ce ina neman gafara kan maganar da na yi a asibiti. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Na ji zafinta, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Na tafi da ita gida ta daɗe tana cina. Amma da ni ce a bakin gadon nan, abin da zan faɗa ke nan, wataƙila ma har da guɗa."

Sai mamanki ta tambaye ta abin da ni na kasa tambaya. Ta ce, "Yaya, yaya aka yi kika iya komawa kan tulun nan?"

Ta ce, "Da farko haushinsa nake ji, in na gan shi a ɗaki sai in juya masa baya. Wata rana ina tsince shinkafa na tuna ranar da aka haifi Tabita. Me na yi aka ba ni ita? Ba komai. Waɗanda suka fi ni kirki suna nan ba su samu ba. Aka ba ni, na goya, na yaye, na ga ta shiga jami'a, har ta riƙa gyara mini Turanci a gaban mutane. Duk kyauta ce, ban ma gama godiyarta ba aka ɗauke ta. To sai in fasa? Inda take yanzu kuma, ba aikinta ne ya kai ta ba, ba nawa ba, Yesu ne ya buɗe mata ƙofa. Ni ban iya wa'azi ba, murya kuma kin san irin tawa. Hannu gare ni."

Rahila, na karanta bayanin alheri, na kuma koyar da shi a ajin masu shirin baftisma, abin da aka rubuta ɗin kuwa daidai ne. Amma shekaranjiya na gan shi zaune a kan tabarmarmu, da ƙurar kasuwa a ƙafarsa. Matar nan ba ta ce ta daina kuka ba. Ba ta ce ta gane dalili ba. Ba ta kuma jira a yi mata yadda take so kafin ta gode ba. Ta dubi abin da aka riga aka ba ta, ta ga ya fi ƙarfin shiru, sai ta ɗauki abin da hannunta ya iya. Ibada ke nan in kin tambaye ni: an riga an yi miki, ke kuma kina amsawa. Na fi ta yawan shekaru a makaranta, amma in Allah ya ba ni rabin zuciyarta kafin in mutu, na gode.

Saboda haka in kin isa can, ki nemi majami'a tun makon farko, ko da ba kya jin harshensu. Ki shiga cikin mawaƙa, ba don ana binki da shi ba, sai don an ba ki murya kuma tana da daɗi, ba irin tawa ba. Ki ci abinci, ko da miyarsu ta ba ki tsoro. In za ki yi azumi ki yi, amma ranar da kika ga ya sa kina yi wa mutane tsawa, ki nemi kwano. Ki riƙa ambaton Tabita da sunanta, ki ba sababbin ƙawayenki labarin tsiwarta, ki yi dariya. Wannan ba cin amanarta ba ne. Wannan rai da aka bar miki ba nata kika ƙwace ba, naki ne, kuma ba a ba ki shi don ki riƙa neman gafarar kasancewa da shi ba.

Ban kai sunan gidanmu wurin fasto ba, ba kuma zan kai ba sai kin ce. In kin ce a'a, ba mai yi miki fushi, ni da mamanki za mu raka ki tasha da farin ciki, godiyar ta jira ki. Abu ɗaya dai nake roƙo ko da kin ƙi sauran: kafin ki tafi ki shiga Wunti, ki bar wa masu kifi layinsu, ki je ki durƙusa ki gai da Maman Tabita, ita ma uwarki ce.

In kuwa kin ce i, to ki sani ni ma zan fito, kuma kin san rawata. Mamanki ta ce kamar mai tattake kiyashi. Muddin ina gefenki ba wanda zai kula da ɗingishinki.

Da Maman Tabita ta tashi tafiya, ta sa takalmi, har ta kai ƙofa sai ta juyo ta ce in ba ki saƙo. Ta ce, "Ka gaya mata kada ta damu da ƙafar. Na san da ita. A hankali zan buga."

Allah ya raka ki, 'yata. Ya tsare ki a mota da masauki, ya kāre ki daga ciwo da mugun abokin zama, ya ba ki barci mai daɗi a baƙon wuri, ya dawo mana da ke lafiya, da 'yar ƙiba in zai yiwu. Alherin Ubangiji ya zauna tare da ke duk inda kika sa ƙafa. Amin.

Ni ne mai ƙaunarki,
Babanki.